AIKIN EN'E DA AIKIN KANTI

Duk wanda ya taɓa zama da dattawan da suka yi aikin En'e ya san akwai wata magana da ba ta barin bakinsu. Su kan ce, a zamaninsu mutum ya kan shiga ofis yana saurayi, ba ya barinsa sai furfura ta rufe masa kai, wani ma daga bakin aikin a ke ɗaukarsa zuwa makwancinsa. Gaskiya suka faɗa. Amma tun da mun taru don tunawa da su, ya kamata mu yi wata tambaya da ba a cika yin ta a wurin biki ba. Shin mene ne ya zaunar da su? Daɗin aikin ne, ko riƙon amana, ko kuwa rashin wata ƙofar fita? Abubuwan nan uku sun yi kama da juna ga mai hange daga nesa, amma ba ɗaya ba ne. Hukumar da ta kasa rarrabe su ta kan wayi gari ta ga ma'aikatanta na nan zaune a wurarensu, zukatansu kuwa sun daɗe da tashi.

Hanyar da ta fi sauƙin gane amsar ita ce mu ajiye ma'aikacin En'e a gefe guda, mu ajiye maƙwabcinsa ma'aikacin kanti a gefe guda, mu bi sawunsu tun daga zuwan Turawa har ranar da aka naɗe tabarmar En'e.

KAFIN A SAN ALBASHI

Sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sun tarad da mulki tsayayye. Akwai Sarki da 'yan majalisarsa, akwai hakimai da alƙalai da jakadu da dogarai, akwai kuma malaman da ke rubuta wasiƙun fada da Larabci. Amma ba ko ɗaya daga cikinsu da a ke biya da wata. Hakimi yana zaune cikin birni, jakadansa ke fita ƙauyuka ya tattaro kuɗin ƙasa da zakka, kuma ko wane hannu dukiyar ta biyo ta cikinsa sai ya rage nasa rabo kafin ya miƙa gaba. Alƙali yana da ushirarsa cikin abin da ya raba. Bara kuwa ubangidansa ne ke ci da shi, ya tufasar da shi, ya yi masa aure, ya ɗora shi bisa doki, in ya mutu ya riƙe masa 'ya'ya. Shi kuma ya rama da biyayya, ya je inda aka aike shi, ya rufa asirin gidan, in ta kama ya mutu a gaban ubangidansa.

Wannan ita ce barantaka, kuma a kiyaye da ita, don ita ce tushen dukan abin da zai biyo baya. Amanar mutumin wancan zamani tana rataye ne ga mutum mai suna da fuska, wanda ya san ubansa, ya san matarsa. Bai san wani abu wai shi ofis ba.

BAITULMALI

Turawan da Gwamna Lugga ya zo da su ba su da yawa, saboda haka suka zaɓi su yi mulki ta hannun sarakuna. Abin da suka fara yi shi ne fid da hakimai daga birni, ko wane ya koma ya zauna cikin ƙasarsa, aka kuma kawad da jakadu. Sa'an nan aka kafa Baitulmali. A Katsina aka fara gwada shi, tsakanin wani Bature mai suna Palmer da Sarki Muhammadu Dikko. Kano ta bi cikin 1909, zamanin Sarki Abbas, zuwa 1911 kuwa abin ya bazu cikin sauran ƙasashen sarakuna. Ƙa'idar da aka tsayar da farko ita ce, in an tara haraji da jangali a raba biyu, rabi na Gwamna, rabi a zuba Baitulmali. Daga baya aka ƙara wa manyan En'e rabonsu ya wuce rabi. Cikin kuɗin nan a ke biyan kowa albashi, tun daga Sarki har masinja, kuɗin shari'a kuma su koma Baitulmali maimakon aljihun alƙali.

Daga ranar nan aka sami wani irin mutum da ƙasar nan ba ta saba da shi ba, watau ma'aikaci, wanda ke sa hannu a takarda ƙarshen wata ya karɓi abin da aka yanka masa. Don samun irinsu aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, aka fara Kwalejin Katsina cikin 1921, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewarta cikin 1922, sa'an nan makarantun Midil suka biyo baya a larduna. Kafin a jima En'e ta yi rassa. Ga Ma'aji da malamansa, ga magatakarda, ga malaman haraji da na hakimai, ga malaman makaranta da na asibiti, ga duba-gari, ga malaman daji da na dabbobi da na gona, ga masu safiyo, ga Yari da mutanensa, ga dogarai, daga baya kuma ga 'yan doka.

To, albashi ya zo, amma barantaka ba ta tafi ba. Sarki ke ɗauka, Sarki ke sallama, in Razdan ya yarda. Sai ma'aikacin En'e ya zama mai riga biyu. Da hantsi ma'aikaci ne mai littafi da alƙalami, Di'o na iya zuwa ya duba lissafinsa. Da safe da maraice kuwa bara ne, ya tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa.

JIRGI DA GYAƊA DA KANTI

Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, cikin 1912 aka buɗe ta ga 'yan kasuwa. Turawa auduga suka sa wa rai, manoman Kano kuwa suka dubi farashi suka shuka gyaɗa. Cikin 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta haura tan 19,000, alhali shekaru kaɗan kafin nan ba a ko lissafa ta cikin manyan kayan fita. Kamfanoni suka yi ta kafa kantuna kusa da tasha, su Kamfanin Neja da John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da kamfanonin Faransa. Cikin 1929 Kamfanin Neja ya haɗu da wani babban abokin gasarsa suka zama U.A.C., wanda ya fi kowa girma.

Tsarin kanti dabam ya ke da na En'e. A bisa akwai Bature manaja. Ƙarƙashinsa akwai akawuna, galibinsu mutanen Kudu ne da na Gwalkwas da Saliyo, suna zaune a Sabon Gari. Ƙarƙashinsu kuma masu awo da masu ɗinkin buhu da 'yan dako da masu gadi, a nan ne 'yan ƙasa suka fi yawa. Ban da waɗannan akwai fatake da kamfani ke ba kuɗi su saya masa gyaɗa ta hannun yaransu a ƙauyuka. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, ya rasu cikin 1955 yana daga cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Irinsu ba ma'aikatan kanti ba ne, abokan cinikinsa ne.

Aikin kanti yana da nasa daɗi, kada a raina shi. Lissafinsa a fili ya ke. Kamfani ba ya tambayar ɗan wane ne kai, yana tambayar ko littafinka ya daidaita. Mai ƙwazo ya kan sami kamasho, ya kan tashi daga awo ya riƙe kanti. Amma kuma akawun da za a damƙa wa kaya ya kan ajiye jingina, in an ƙirga kaya aka sami giɓi daga cikinta za a cire, wani lokaci har a kai ga kotu. Ana iya ɗauke shi daga Kano a jefa shi Gusau ko Nguru ba shawara. Lebura kuwa da kakar gyaɗa ta wuce sai a sallame shi. Masu kamfanin suna can Landan da Libaful, bai taɓa ganinsu ba, su ma ba su san da shi ba. Kamfani ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza. Saboda haka Bahaushen da ya shiga kanti yana da wayo, burinsa ya koyi ciniki, ya tara jari, ya fita ya kafa nasa, don guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ya ji daɗin kuɗin, amma bai ɗauki wurin gida ba.

Akwai kuma hanya ta uku, watau aikin Gwamna, kamar reluwe da gidan waya da ofisoshin Razdan. Nan akwai ƙa'idodi rubutattu, akwai fansho ga wanda aka tabbatar, amma manyan muƙamai na Turawa ne, kuma a farkon zamani 'yan Arewa kaɗan ne a ciki.

ABIN DA YA ZAUNAR DA MA'AIKACIN EN'E

In don kuɗi ne, da yawa da ba su zauna ba. Ahmadu Bello, da ya gama Kwalejin Katsina cikin 1931 aka sa shi koyarwa a Midil ta Sakkwato, fam 60 a ke ba shi a shekara, watau fam biyar a wata, shi kuwa yana cikin mafiya ilmin bokon zamaninsa. Malamin haraji da ɗan doka da dagaci nasu bai kai kusa da haka ba. Sai mu nemi dalilin a wani wuri.

Na farko daraja. Ma'aikacin En'e Malam a ke ce da shi, in ya sauka ƙauye a shimfiɗa masa buzu, a kama masa doki. In ya nemi aure ba a tsawaita bincike. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko, kwarjinin Sarki ya kan bi ɗan ƙaramin malaminsa har bakin iyaka.

Na biyu zaman gida. En'e ta garinsu ce. Yana kwana gidan ubansa, yana noma gonarsa da damina, 'ya'yansa na tashi cikin dangi. Fam biyar a garinku, da rumbu a bayan ɗaki, ta fi fam takwas a Sabon Garin wani wuri, inda ko itacen girki sai an saya.

Na uku tsani. Aikin En'e hanya ce ta zuwa sarauta. Ahmadu Bello ya tashi daga aji ya zama hakimin Rabah cikin 1934, aka naɗa shi Sardauna cikin 1938. Aliyu Makaman Bida daga shugabancin Midil ya shiga majalisar Etsu. Muhammadu Ribaɗu ya yi koyarwa, ya yi hakimci, ya riƙe Baitulmalin Adamawa. Kashim Ibrahim malamin makaranta ne kafin ya zama Shettima. Ko wane saurayi da ke kwafar takardun haraji yana iya duban waɗannan ya ce wa ransa, wata rana sai rawani.

Na huɗu, wanda ya fi sauran ƙarfi ko da ya ke ba a cika ambatonsa ba, shi ne ganin amfanin aiki da ido. Cikin 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki na Kano, wanda En'e ta yi da kuɗin Baitulmalinta, ana jawo ruwan daga Challawa. Malamin da ya sha rana yana rubuta sunayen masu biyan haraji yana iya tsayawa bakin famfo ya ga mata na cika tuluna, ya san inda kuɗin suka shiga. Haka malamin dabbobi da ya yi wa shanu allurar bushiya ya ga garke ya tsira, haka mai haƙar rijiyar siminti, haka malamin asibiti, haka wanda ya dasa itatuwan da har yanzu a ke shan inuwarsu bakin hanya. Ma'aikacin kanti ya ga dalar gyaɗa ta tashi, ya ga jirgi ya kwashe ta zuwa Ikko, daga nan labarinta ya ƙare gare shi. Na En'e kuwa yana zaune tare da sakamakon aikinsa har ya tsufa.

ƘAYAR DA KE CIKI

Kada zumuɗin tunawa ya sa mu rufe ido ga sauran labarin, don igiyar da ta riƙe mutumin nan ita ce kuma ta ɗaure shi. A farkon zamani ba wata ƙa'ida rubutacciya da ta faɗi yadda za a ɗauki ma'aikaci, ko yadda za a ƙara masa girma, ko abin da zai samu in ƙarfinsa ya ƙare. Duka yana ga ra'ayin manya. Tsanin nan da muka ambata ba kowa a ke bari ya taka ba. Ɗan talaka mai ƙoƙari ya kan tsufa yana rubuta wa hakimin da bai kai shi sani ba, ya ga an ɗauko yaron da ya koya wa aiki an ɗora bisa kansa don gidan da ya fito. Ƙarancin albashin na ƙasa, ga kuma gaisuwar da a ke sa ran su kai wa na bisa, ya buɗe ƙofar cin hanci da zaluntar talakawa. Ba ƙarya ba ne cewa a ƙauyuka da yawa ganin jar rigar dogari ya kan sa mutane su shige ɗaki.

Rashin tabbas kuwa bai bar kowa ba. Cikin 1943 aka tuhumi Sardauna da kansa a kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya aka wanke shi. In haka ta sami jikan Mujaddadi, ina ga ƙaramin malamin da ba shi da kowa? Shi in ya saɓa da ubangidansa ba wata En'e da zai koma, don ko wace tana fifita 'ya'yanta, kuma barin aikin kamar barin gari ne. Saboda haka shirun da a ke ji cikin ofisoshin En'e ba dukansa ne na gamsuwa ba. Wani shirun na mai godiya ne, wani na mai haƙuri, wani na mai tsoro.

SHEKARUN TSANANI

Ba a sanin ƙarfin igiya sai an ja ta. Bayan 1929 kasuwar duniya ta faɗi, farashin gyaɗa da auduga ya zube. Kamfanoni suka rufe ƙananan kantuna, suka sallami akawuna da leburori, don kamfani riba ta kawo shi. En'e ta tsuke bakin jaka, ta dakatar da ayyuka, amma ofisoshinta ba su rufu ba, don mulki ba ya hutu. A nan ma'aikacin En'e ya ga amfanin inuwar da ya ke ciki. Sai dai ya biya ta wata fuska, don shi aka tura ya karɓo haraji daga manomin da amfanin gonarsa ya zama ba kuɗi, manomin kuwa watakila ɗan'uwansa ne.

Yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, ya ƙara nauyin. Da Japan ta kama Malaya cikin 1942, Ingila ta rasa kuzar da ta ke samu daga can, sai aka kafa aikin tilas a ma'adinan Jos har zuwa 1944. Ma'adinan na kamfanoni ne, amma hakimai da dagatai da malamansu aka ɗora wa tattaro mutane daga larduna, da yawa kuwa cikin waɗanda aka kai sanyin dutse da cuta da ƙarancin abinci suka hallaka su. Wannan na daga cikin ayyukan da tsofaffin ma'aikata ba su son tunawa.

Tsadar kaya ta kai ma'aikata ko ina bango. Cikin 1942 Gwamnati ta ba da kuɗin tsadar abinci da a ke kira kola, amma farashi ya ci gaba da hawa. Cikin watan Yuni na 1945 ma'aikatan reluwe da gidan waya da sauran ma'aikatan hannu na Gwamna suka shiga yajin aiki na kwana 44, Michael Imoudu na cikin jagororinsu, 'yan loko na Zariya kuma suka tsaya da ƙarfi. Jirgi ya tsaya, waya ta yi shiru, daga baya hukumar bincike ta Tudor Davies ta ba da shawarar a ƙara kola. Ma'aikatan kanti su ma suka kafa ƙungiya. Cikin 1947 'yan sanda suka yi harbi kan ma'aikatan U.A.C. masu yaji a Burutu, cikin 1950 kuma aka yi babban yajin ma'aikatan kamfanoni, Nduka Eze na gabansu.

Galibin ma'aikatan En'e na Arewa ba su shiga waɗannan ba. Wanda ke yi wa baƙo aiki yana iya ajiye kayan aiki ya ce a ƙara masa, amma wanda ke yi wa Sarkinsa aiki yana ganin yaji kamar ɗaga wa uba murya ne. Duk da haka ruwa ba ya tsami banza. Cikin 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, cikin 1950 kuma ya ajiye koyarwa a Maru ya shiga siyasa, babban abin da ya sa gaba kuwa shi ne gyaran mulkin En'e.

GYARA DAGA CIKIN GIDA

Maganar da ta fi girgiza tsarin daga ɗan gida ta fito. Cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Bauci har ya shugabance ta, ya miƙe cikin Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a bincika mulkin En'e a gyara shi. Ya nuna talakawa ba su da baki cikin al'amuransu, ma'aikata ba su sami horon da ya kamata ba, cin hanci kuma ya yi yawa. Waɗansu suka ɗauki maganar rashin kunya. Amma in aka duba da kyau, irin wannan ita ce amana mafi tsada, watau mutum ya so wurin aikinsa har ya yarda ya ɓata wa manya rai don kada ginin ya rushe.

Aka yi binciken. Cikin 1952 aka daina barin Sarki shi kaɗai ya zama hukuma, sai tare da majalisarsa, cikin 1954 aka yi sabuwar dokar En'e. Makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a Kongo ta Zariya bayan yaƙi aka ɗaukaka ta cikin 1954 ta zama makarantar koyon sha'anin mulki, inda aka yi ta horad da ma'aji da magatakarda da hakimai. Aka shiga tsara ƙa'idodin ma'aikata a rubuce, da matakan albashi, da tanadin tsufa.

A shekarun nan ne kuma aka buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙudura sa 'yan Arewa cikin ayyukanta, kamfanoni su ma suka fara neman su. Sai aka ga wanda ya zauna don so da wanda ya zauna don dole. Da yawa cikin masu ilmi suka tafi Kaduna ba su waiwayo ba. Waɗansu kuwa suka ƙi tafiya, waɗansu suka je suka komo, kamar Shettima Kashim, wanda bayan ya yi minista ya koma gida ya zama Wazirin Borno cikin 1956. Siyasa kuma ta kawo tata ɓarna, don a wurare da yawa an yi amfani da 'yan doka da kotunan En'e a kan 'yan hamayya, abin da ya zubad da mutuncin aikin a idon jama'a da yawa.

NAƊE TABARMA

Soja suka karɓi mulki cikin 1966, cikin 1967 aka raba Jihar Arewa shida. Daga 1968 aka shiga karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, kotuna suka koma ga jihohi, sauran biyun ga Gwamnatin Tarayya. Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya cikin ƙasa duka, ya bar wa sarakuna majalisun ba da shawara. Nan En'e ta ƙare, ma'aikatanta suka watsu cikin sababbin hukumomi.

Abin da ya sami magadansu da na 'yan kanti bayan nan ya isa wa'azi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe cikin 1957, da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, sun tara dubban 'yan Arewa masu albashi a hannun kamfani. Da aka yi ƙarin albashin Udoji cikin 1974, ma'aikatan kamfanoni suka tashi da yaji sai an yi musu irinsa. Cikin 1975 Gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikatanta wajen dubu goma cikin 'yan watanni, waɗansu da laifi, waɗansu ba a ko saurare su ba, daga ranar nan kuwa ma'aikacin hukuma ya daina ganin aikinsa inuwa ce ta har abada. Cikin 2002 masaƙar Kaduna ta rufe, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, babbar masaƙar United Nigerian Textiles ta bi ta cikin 2007. Dokar fansho ta 2004 ta sa ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da na kamfani cikin tsari guda, kowa na tara nasa cikin asusu mai sunansa. Watau hanyoyin nan biyu da suka rabu tun zuwan jirgi sun komo sun kusanci juna.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

To, mu koma ga tambayarmu ta farko. Tarihin nan ya nuna kuɗi kaɗai ba su sayen amana, don da suna saye da ɗan kanti ya fi kowa riƙon wurinsa. Ya kuma nuna daraja da sanayya kaɗai ba su isa ba, don da sun isa da ba a yi tururuwar barin En'e ba ran da ƙofa ta buɗe. Kanti ya ba mutum lissafi na gaskiya bai ba shi gida ba. En'e ta ba shi gida, ta daɗe ba ta ba shi lissafi na gaskiya ba. Inda a ke samun ma'aikaci mai jin daɗin aikinsa, mai kuma riƙe shi da zuciya ɗaya, shi ne inda aka haɗa masa abu uku: a biya shi haƙƙinsa kan lokaci, a yi masa adalci wajen girma da horo bisa ƙa'idar da ya sani tun da wuri, sa'an nan a bar shi ya ga amfanin guminsa a jikin mutanen da ya sani.

Ku da ke riƙe da ofisoshin masarautu da na ƙananan hukumomi yau, ku ne magadan mutanen nan. Wanda ke da na ƙasa da shi, kada ya ga suna zuwa kullum ya ce lafiya lau, ya bincika ko wane irin shiru ne su ke yi, ya kuma girmama wanda ya gaya masa gaskiya mai ɗaci. Wanda ke ƙasa kuma ya tuna kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma ladan nan daga aljihun talaka ya fito, tun zamanin Baitulmali har yanzu.

Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin ma'aikatan En'e, manyansu da ƙananansu, waɗanda sunayensu ke cikin littattafai da waɗanda ba wanda ya rubuta, Allah ya jiƙansu, ya yafe musu kurakuransu, ya saka musu da alherin da suka shuka. Mu kuma da muka gaji aikinsu, Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.